Lamba Bakwai 'Yata Ce

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran gida. Yaya gwiwar nan taki, tana barin ki hawa matakala? Kunnen fa, har yanzu shiru ne, ko kina ɗan jin ƙarar babbar mota in ta wuce? Mu nan lafiya lau, sai zafin dutsen guga.

Takardarki ta iso ta hannun direban da ke kai mana saƙo. A kan ƙunshin wanki na zauna na karanta ta, yatsana a ƙarƙashin kowace kalma yadda malamarmu ta koya mana. Kin ce kina kallon gasar waƙar nan a talabijin, kina ganin bakuna na buɗewa suna rufewa, jama'a na tafi, amma ba ki san wanda ya iya da wanda ya ɓata ba. Kin ce in zama kunnenki. Yaya, ai dama saboda ke na shiga makarantar manya da furfurata, tun da kunnenki ya toshe waya ta daina yi mana amfani. Ki dai yi haƙuri da rubutun, har yanzu layina gangarowa yake yi kamar zai faɗo daga takardar.

A shago nake kallo, don talabijin ɗinmu ta gida ta mutu. Ta shagon na rataye a saman teburin guga. Mai shago ya yarda mu ƙara sauti ranar da ake nuna gasar, da sharaɗin duk wadda ta ƙone rigar mutane ta nemi wani aikin. Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ita ce alƙaliya ta huɗu. Kafin na cikin talabijin su buɗe baki ta gama yanke hukunci.

To ga abin da kunnena ya ji miki.

Dogon nan mai lamba biyu, wanda yake tsalle yana juyi har hularsa ta faɗi, kada tafin da ake yi masa ya ruɗe ki. Ba ki yi asarar komai ba. Ƙafafunsa ne ke waƙar, muryar kuwa kamar ana jan benci a kan siminti. Mun sa masa Sarkin Tsalle. 'Yan mata ne ke zaɓensa.

Tagwayen nan masu kaya iri ɗaya, ta hagu ce ta iya. Ta dama bin bayan 'yar'uwarta kawai take yi, in waƙa ta hau sama sai ta yi murmushi ta bar mata. Ban ga laifinta ba, haka na yi ta bin bayanki muna yara.

Wanda ya iya da gaske shi ne mai lamba biyar, ƙaton nan mai gashin baki da bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Mai gasa burodi ne. In ya buɗe baki, a ƙirji ake jin sa kafin a ji a kunne. Ki gwada ɗora tafin hannunki a jikin talabijin in ya fito, wataƙila ki samu wani abu. Ni dai a tsaye na bar dutsen guga har ya gama.

Cikin alƙalan, matar nan mai manyan 'yan kunne kuka take yi wa kowa, ko Sarkin Tsalle ta yi wa. Na tsakiya ba ya cewa komai sai a tafa. Tsohon nan mai baƙin gilashi kuwa, Allah ya raba ki da bakinsa. Ya ce wa wani yaro ya koma ya ba maƙwabtansa haƙuri.

Sai tamu, Lamba Bakwai. Na san ita kike jira. Ba don ni na haife ta ba, Firit ta yi waƙa. Muryar siririya ce kamar jikinta, amma ba ta yankewa. Kin tuna yadda take rera miki a gadon asibiti tana ƙarama, ana ƙara mata ruwa, lokacin kunnenki yana ji? To ita ce, sai dai ta yi ƙwari.

Akwai abin da nake so ki riƙe a cikinki. Mutanen gidan talabijin ba su san tana da sikila ba. Ranar da za ta tafi ta durƙusa a gabana, ta riƙe wuyan hannuwana biyu, ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Ta ce tun tana firamare ba a taɓa barin ta ɗauki ko bokiti ba, in ta faɗi jarrabawa a ce ai ta yi ƙoƙari, in ta ci a ce tausayi ne. Ta ce sau ɗaya a rayuwarta tana so a saurare ta ba a san komai a kanta ba, in ta ɓata a faɗa mata ta ɓata. Na yi alkawarin. A gwangwanin alewa ta zuba ƙwayoyinta. An tara 'yan gasar duka a gida ɗaya, an karɓe musu wayoyi, ba ziyara sai wanda aka fitar ya koma gidansu. Saboda haka ni ma yadda kike ganin ta, haka nake ganin ta.

Ki gaida maigidan da yara. Ki sa ta a addu'a.

Ƙanwarki,
Innar Firit

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Na ji daɗi da kika ce kin gwada ɗora hannun, kin ji Mai Burodi yana motsi a tafinki. Na karanta wa Rediyo wurin, ta ce in gaya miki ki yi hankali kada maigidanki ya yi kishi.

Kin ga an fitar da tagwaye. Ta dama ce ta manta baiti, ta hagu ta tsaya jiran ta, kiɗa ya wuce ya bar su. Sun sauka riƙe da hannun juna. Sarkin Tsalle yana nan, wannan karon har da hawa kan tebur. An kuma fitar da malamar makarantar nan mai jan ɗankwali da kika ce tana burge ki. Gaskiya ihu take yi, kamar tana tsawata wa aji. Amma na yi kewar ta, don ita kaɗai ke gyara wa Firit wuyan riga kafin su fito.

Tsohon mai gilashi ya yi wa Firit faɗa. Ya ce numfashinta na ƙarewa kafin baiti ya ƙare, ya ce tana haɗiye ƙarshen kalma kamar mai jin yunwa, in ba ta gyara ba ta haɗa kayanta. Na ji kamar in jefe shi da dutsen guga. Rediyo ta ce, “Ji min tsohon banza, shi ya taɓa rera ko da tallan gyaɗa ne?” Amma kin lura da fuskar Firit? Murmushi ta yi har haƙoranta na ƙasa suka fito, kamar an ba ta kyauta. A zagayen da ya biyo ta gyara, ta riƙe baitin har ƙarshe. Tsohon ya gyaɗa kai sau ɗaya ya ce yanzu an fara magana. Wannan gyaɗa kan ya fi mata duk hawayen mai 'yan kunne.

Yaya, ni ba waƙar nake kallo ba yanzu. Ke da kika kwana da ni a asibitoci, ki duba min da kyau a fitowa ta gaba. Tana sauya abin maganar daga hannu zuwa hannu, kuma in ta gama tana murza wuyan hannunta na dama a ɓoye a bayan riga. Tana tsayawa a kan ƙafa ɗaya. Farin idonta ya soma yin rawaya. Na ce ko launin talabijin ɗinmu ne, sai na hau kujera na kai fuskata dab da gilashin na duba idon Mai Burodi, na duba na mai gabatarwa. Nasu fari tas. Rediyo ta tambaye ni me nake nema, na ce ƙura nake gogewa.

Ga rigunan da suke sa mata, yadi ne mara nauyi wanda ko dutse mai ɗumi ba ya jurewa, hannu a waje. Ga fankoki a gaban dandamalin suna kaɗa mata iska don rigar ta yi kyau. Ban san ko tana shan ruwa ba. A gida sai na tsaya a kanta take shanye kofi.

Zan faɗa miki abin da nake yi, ki yi min faɗa in kin ga dama. Kin san da saƙon waya ake zaɓe, a rubuta lambar wanda ake so a tura. Tun makon jiya ba na rubuta bakwai. Biyar nake rubutawa. Jiya har biyu na rubuta, Allah ya yafe min, na zaɓi Sarkin Tsalle. Na ce in ƙuri'unta suka yi ƙasa za a fitar da ita, ta dawo gida ban karya alkawari ba, ta yi kukanta ta gama in dafa mata ruwan wanka. Amma ina nan ina laluben lamba ɗaya da yatsa, Rediyo ta zagaye layinmu kaf, har da masu faci da mai shayi, tana ƙwace wayoyin mutane tana tura bakwai. Mai shago ya liƙa hoton Firit a ƙofa. Ke ma kin ce kin sa duk yaran gidanku suna tura mata. Ni kaɗai ce a garin nan nake roƙon Allah 'yata ta faɗi, kuma ba wanda zan iya ce wa ya daina.

A gaida kowa. Ki rubuto min abin da idonki ya gani, kada ki rage don ki kwantar min da hankali.

Taki,
Innar Firit

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa, direban na jira a bakin titi.

Kin ce ke ma kin ga idon. Da ma na sani.

Saura su huɗu: Firit, Mai Burodi, Sarkin Tsalle da yarinyar nan mai jita. Kin ga tallan zagaye na gaba da suke ta maimaitawa? Ke kin ga hoton ne kawai, bari in faɗa miki abin da mai gabatarwa yake cewa. Sun haɗa bututai a saman dandamali, za su saki ruwa kamar ruwan sama, kowa zai yi waƙarsa a cikinsa. Ya ce za a ga wanda muryarsa ba ta tsoron sanyi. Sun nuna ana gwadawa da ma'aikata, suna dariya jiƙe sharkaf.

Ba sai na tuna miki ba. Yayanta, shi ma mai sikila, ruwa ne ya dake shi a hanyar makaranta, ya shigo yana dariya shi ma, na goge shi na sauya masa kaya. Kafin gari ya waye yana kiran ƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ke kika riƙe ƙafafunsa a mota. Bai ga ƙarshen makon ba.

Firit ta san wannan sarai, amma na san 'yata. Za ta shiga ruwan nan kanta a sama, ba za ta ce uffan ba. Na kira lambar da suke rubutawa a ƙasan allo, na'ura ce ke amsawa tana gode min da na zaɓa. Na je gidan malamar nan mai jan ɗankwali da aka fitar, da kwatance na same shi, don in ji ko akwai hanyar aika saƙo. Ta ce babu, ko su a ciki ba a barin su da biro. Ta ce Firit tana yawan kwanciya in an dawo daga gwaji, tana cewa gajiya ce.

In na yi shiru, ina tsoron in sake wanke wani yaron nawa. In na yi magana, na ci amanar abu ɗaya tak da ta taɓa roƙo na. Na so in ji ta bakinki, amma kafin amsarki ta iso an riga an saki ruwan. Gobe da safe zan nemi izini a shago in je gidan talabijin ɗin. Ba zan yi surutu ba. Likitansu kawai zan nema, in faɗa masa a kunne, ya san dabarar da zai yi ba tare da ta san daga ina ta fito ba. Ai likita ba ya tona asiri.

Ki yi min addu'a.

Ƙanwarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da maigidan da yara. Na san kin gani da idonki, kuma yara sun rubuta miki abin da aka ce. Amma ina so ki san yadda aka yi daga wajena, kada ki ɗauka kaina na kai gaban kyamara.

Maigadi ya hana ni shiga. Na tsaya a jikin katanga har inuwa ta gudu ta bar ni. Can wata budurwa ta fito da igiya maƙale a kunnenta, na tare ta na ce ni ce mahaifiyar Lamba Bakwai, likita nake nema. Nan take ta kama hannuna tana ce min Mama. Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi, ta zaunar da ni a kujera mai laushi, ta kawo min shayi da kanta. Da na soma faɗa mata, idonta ya kawo ruwa. Ta ce likitan ya fita, amma za su ɗauki maganata a kyamara don ya ji daga bakina, kada a rage komai. Na ga hankali a maganar. Aka kawo fitila, wata ta zo ta shafa min hoda. Yaya, a lokacin ya kamata in tambayi kaina me likita zai yi da hodar fuskata. Ban tambaya ba. Na daɗe ban samu wanda ya zauna ya saurare ni ba, sai bakina ya buɗe. Na faɗi ƙarin jini, na faɗi yayanta, na faɗi gwangwanin alewa. Har alkawarin na faɗa, ina roƙon su kada ta sani. Budurwar ta ce in kwantar da hankalina. Na roƙi in ga Firit ko ta taga ce, ta ce doka ta hana.

Ranar nunawa ina goge wata farar riga ta mutane, sai na ji muryata a sama da kaina. Na ɗaga ido na ga fuskata ta cika allo, an sa mata wani kiɗa mai sanyi a ƙasa. Firit na tsaye a dandamali, ita ma a lokacin take gani a babban allon da ke bayanta. Suka kawo kyamara dab da fuskarta suna jiran hawaye. Ba ta ba su ba. Ƙasa ta kalla, ta sa hannun nan na dama a baya.

Ba su sa ta a ruwan ba. Wannan kam na samu. Sauran ukun suka yi a jiƙe, ita aka kawo mata kujera a gefe, aka rufa mata bargo a gwiwa, aka haska ta da farar fitila kamar gawa. Tun ba ta buɗe baki ba jama'a suka miƙe suna tafi.

Kin ce in zama kunnenki, to ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ta yi waƙa ba ranar. Muryar ta yi rawa, ta shiga kafin kiɗa, ta bar baiti guda a hanya. Ko Sarkin Tsalle ya fi ta. Na jira tsohon mai gilashi ya yi mata tatas. Sai ya cire gilashin, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ita jaruma ce, ya ce ƙasa duka na alfahari da ita. Bai ce komai a kan waƙar ba. Mai 'yan kunne ta yi kuka har kwallinta ya zubo.

Mai Burodi kuwa ya tsaya a cikin ruwan, rigarsa ta manne a tumbinsa, ya yi waƙar da tun da aka fara gasar ba a yi irinta ba. Shi aka fitar. Da zai sauka ya je ya durƙusa a gaban kujerar Firit ya gyara mata bargon. Ta kau da kai. Bawan Allah, wa ya san abin da ya bari a gida ya zo.

Ƙauri ne ya dawo da ni. Dutsen ya cinye bayan farar rigar, ya bar mata tambari baƙi ƙirin. Mai shago ya zo ya ɗaga ta ya duba. Mutumin da yake zaginmu a kan maɓalli ɗaya, sai ya ce, “Ba komai, Inna, je ki zauna ki huta.” Wallahi da ya kore ni ya fi min sauƙi. A nan na gane abin da yarinyar nan ta yi shekaru tana faɗa min ina ce mata ta cika tsiwa.

Yanzu a layinmu ba a ce min an ji waƙar 'yata, sai a ce yaya mai jiki. Wata ta kawo min sassaƙe a leda. An ce ƙuri'un Firit sun ninka na sauran a haɗe. Na koma gidan talabijin in nemi budurwar nan, maigadi ya ce masu igiya a kunne sun fi ashirin, wacce a ciki?

Ina gaida kowa.

Ƙanwarki,
Innar Firit

*

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, Allah ya saka masa da alheri da ya kira mai shago ya ce a gaya min Firit ta iso wurinku lafiya. Kafin wayar nan tasa na zagaye tashoshin mota har ƙafata ta kumbura.

Mutanen gidan talabijin sun aiko da mota ranar ƙarshe suka ɗauke ni, suka zaunar da ni a layin gaba. Na yarda ne don in gan ta da idona, ba ta gilashi ba. Wurin ya fi yadda ake gani a talabijin ƙanƙanta, kuma akwai wani mutum a gefe da ke ɗaga hannu in ana so a tafa.

Ga na ƙarshe da zan ji miki. Sarkin Tsalle ya faɗi a kan gwiwarsa ya tashi ya ci gaba, na tafa masa da zuciya ɗaya. Mai jita ta yi kyau, sai dai tsoro ya hana muryar fita sosai. Firit ta ƙi kujerar da aka kawo mata, ta yi a tsaye. Kuma ta yi waƙa, Yaya. Ta fi ranar da tsohon ya gyaɗa kai. Ta riƙe baitin ƙarshe har na ji nawa numfashin ya ƙare. Ko ba a san komai a kanta ba, ina jin da ta ci. Amma ina jin ne kawai, ban tabbata ba, kuma ita ma ba za ta taɓa tabbata ba.

Da ta gama, ba ta jira mai gabatarwa ba. Ta dubi tsohon ta ce, “Baba, yaya waƙar? Waƙar nake tambaya.” Ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, “Kin yi ƙoƙari, 'yata.” Kin ga lokacin da kafaɗunta suka sauka? To amsar ke nan.

Aka ce ita ta zo ta ɗaya. Aka tura ni sama, takardu masu ƙyalli na zubo mana. Ta rungume ni saboda kyamara na kallo. Jikinta da ɗumi, ba zazzaɓi, na duba da kumatuna. Ta sa baki a kunnena ta ce, “Inna, kin yi alkawari.” Shi ke nan abin da ta ce min. Aka ja ta wurin 'yan jarida, ni aka mayar da ni mota.

Na share ɗakinta, na shimfiɗa sabon zanen gado, na ɗora ruwa a wuta. Mutanen layi suka taru a ƙofa, Rediyo ta ɗaura ɗamara tana shirya masu tarba. Ruwan ya huce na sake ɗorawa, Firit ba ta zo ba. A hankali kowa ya zame ya koma gidansa, ba wanda ya dube ni.

Na yi ta juya abin a raina. Da na yi shiru, wataƙila ta shiga ruwan ta fito lafiya. Wataƙila kuma yanzu ba takarda kike karantawa ba, a tsakar gidana kike zaune kina karɓar gaisuwa. Ba wanda zai iya faɗa min wanne ne. In aka mayar da ni jikin katangar nan, ban san ko zan juya in tafi gida ba.

Tunda tana hannunki, ga abin da nake roƙo. Ki ajiye mata ruwa inda hannunta zai kai, amma kada ki tsaya a kanta. A kashe fanka in za ta kwanta. Kada ta yi wanka da ruwan sanyi ko ta ce zafi take ji. Ƙwayoyinta sun kusa ƙarewa, na ba direban wasu a cikin safa, ki ce ke kika saya. Ki hana yara da maƙwabta yi mata sannu. In ta bar kwano ba ta wanke ba, ki yi mata faɗa sosai, ki aike ta kasuwa, ki bar ta ta ɗauki bokiti in ba mai nauyi ba ne. Kada ki ce ni na ce.

Na haɗa jakata, tana nan a bakin ƙofa, kullum sai na tsallake ta in zan fita aiki. Ke kin fi ni iya karanta fuska. Ki dube ta, ki rubuto min in zo ko in bari. In kin ce in bari, zan bari, ba zan yi dabara ba wannan karon. Sai dai da safe in ta zo gaishe ki, ki zaunar da ita ta wajen taga, ki dubi farin idonta, ki faɗa min launinsa.

Ki gaida maigidan da yara. Ita kuma, in kin ga za ta karɓa, ki ce ina gaishe ta.

Ƙanwarki,
Innar Firit